Kumatun 'Yar Tsohuwa

Da likita ya ce huhunsa ba zai ƙara jure feshi ba, mai fentin mota ya bar gareji ya dawo gida, zama ya ishe shi. Mijin ƙanwarsa ne ya kawo masa aiki. Shi sana'arsa haɗa ƙananan samfurin gine-gine, irin waɗanda ake nuna wa masu saye cikin gilashi, kuma yana neman mai fenta 'yan mutum-mutumin da ake jerawa a bakin titunan. Kowanne bai wuce ɗan yatsa ba.

"Yaya, fentin akirilik ne, da ruwa ake sirka shi, ba ya wari," in ji surukin. "Sai dai kafin ka ce kwabo ya bushe."

Mutumin da ya saba shafe tirela guda ya raina abin. Ya ɗauki wata 'yar tsohuwa mai rataye da jaka, ya shafa wa fuskarta launin ƙasa, ya ɗora mai haske a kumatu. Launukan suka ƙi gaisawa. Layi ya fito tsakaninsu kamar an ja da reza.

Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa. "Maigida, wannan baiwar Allah ƙonewa ta yi?"

Bai yi dariya ba. Ya wanke fuskar, ya sake, layin ya dawo. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya lura fentin tun a faranti yake daskarewa. Sai ya samo murfin roba, ya shimfiɗa soso mai danshi, ya ɗora takardar gashin burodi a kai, ya ɗiga fentin a nan. Ya daina bushewa. Tsakanin mai duhu da mai haske ya haɗa wani launi, ya tsinka shi da ruwa har ya koma kamar shayi. Yakan dangwala, ya tsane burushin a tsumma, ya ja a hankali zuwa inda yake son launin ya taru. Shafa ɗaya ko gani ba a yi. Sai an bari ta bushe, a ƙara wata.

Jiran ne ya fi ba shi wuya. Ran nan ya yi garaje ya koma kan ɗanye, fentin ya saɓule, aikin wuni ya tafi.

"Ka bar ta haka mana," matar ta ce. "Abinci ya huce."

"Ko ni ko ita," ya ce, yana wanke burushi.

Da surukin ya dawo, ya kai 'yar tsohuwar bakin taga yana jujjuya ta. Kumatunta sun tasa, ƙarƙashin haɓa ya yi inuwa, amma ya rasa inda haske ya ƙare duhu ya fara.

"Kai, Yaya! Amma fa irinta kwali guda ne a mota. A haka ai sai baɗi."

"Wannan ce ta wahalar da ni, hannu ya riga ya gane," ya ce, yana jiƙa soso. "Shigo da kwalin."