Awon Ƙafar Mainasara

…ga ta nan kuma, ta sake faɗuwa a tsakiyar fili. Tsakiyar fili fa, Yaya Kaltume! Ƙwallon da ɗanki ke saki daga hannu ya narka mata ƙafa ta wuce kan kowa, ta wuce darbejiyar makaranta, sai an zagaya bayan katanga an nemo ta — yau ga ta tana birgima kamar kabewar da ta suɓuce daga kan jaki. Karo na uku ke nan tun da na zauna a bencin nan. Usur yana hannuna, ban busa ba. In busa in ce me? Ni ne kocin Guguwar Boɗinga, ni ne kawun gola, ni ne kuma wanda da an tashi daga atisayen nan zai shiga shagon Alhaji Maniru ya gaya wa kwamiti ko a ci gaba da biyan Mainasara ko a sallame shi.

'Yan wasa uku Alhaji ke biya duk wata, shi da ya ɗauki kulob ɗin nan a kan cinikin albasarsa. Yanzu ya ce biyu. Zamanin tsuke bakin aljihu, wai… sabulu sai an bi layi, madara ta zama labari, motarsa mai kai albasa kudu wata biyu tana kan duwatsu babu taya. Ban ga laifinsa ba. Wallahi ban ga laifinsa ba, haushinsa dai nake ji.

“Malam Na'Allah, wanga yaro naka mi yaka yi muna? Bugu ɗai munka saye, bugun kuwa ya mutu.”

Ranar Juma'a ya faɗa min, yana sakace, ko kallona bai yi ba. Munka saye. Sai ka ce tunkiya.

To amma wa ya fara? Ba ni ba ne? Ni na miƙe a gaban kwamiti bara ina zuba kamar mai wa'azin kasuwa. Na ce filinmu yashi ne, ƙwallo ba ta gudu a ƙasa, duk wanda ya iya aika ta ta sama shi ke da wasa. Na ce ku bar ganin gola a matsayin mai gadin ƙofa, wannan ƙafar tasa ita ce ɗan wasanmu na farko. Bugu ɗaya — ta tsallake mutum ashirin, ta sauka a gaban ɗan gabanmu, saura shi da raga. Suka yi dariya. Ina aka taɓa biyan gola daidai da mai cin ƙwallo? Sai da muka je Shagari muka zura musu uku, duk ukun daga ƙafarsa suka taso, sannan dariyar ta tsaya. A hanyar dawowa, a bayan akori-kura, har waƙa aka yi masa, shi kuwa ya dunƙule a lungu yana rufe fuska.

Ga shi can ya sake ɗaukar ƙwallon. Dubi yadda yake tsayawa kafin ya saki… da can ba ya tsayawa. Yanzu sai ya ja numfashi, kamar mai shirin taka garwashi.

Kin tuna ranar da na zo Lambara? Yana kan jigo yana ba albasa ruwa, ke kina gindin mangwaro kina ware iri. Na ce ki ba ni shi. Na ce ƙwallo ta zama sana'a yanzu, ana biyan mutum duk wata, ana sa sunansa a rediyo. Na ce — kai, bakina! — na ce fadama ba inda za ta kai shi. Kika ɗago kika dube ni.

“Na'Allah, uba nai ba ya da rai, kai ka saura. Ga shi nan, amana ta. Ƙahwa tai ita ad dukiya tai, ka kula min da ita.”

Kika ba maƙwabci aron fadamar bana saboda babu mai jan jigo. An yi dashe, an gama. In aka sallame shi yau ya koma ya tarar da me? Albasar wani a ƙasar ubansa. Ya zauna a ƙofar gida har damina ana nuna shi, ga wanda ya tafi birni cin abinci da ƙafa.

Birni… Boɗinga ce fa birnin.

Takalmin nan. Komai daga takalmin nan. Muna shiga gasar jiha aka ce ba mai shiga fili ƙafa ba takalmi, rafali zai bi layi yana duba ƙasan ƙafar kowa. Sauran 'yan wasa suka tafi kasuwar Sakkwato, kowa ya tono gwanjo ya gwada a ƙafarsa ya saya. Ni kuwa na ce Mainasara ba zai sa gwanjo ba. Sabo fil, daga Kano. Na buga tebur a kan haka. Abin da aka ware na sabbin riguna da raga na sa aka juye a kan ƙafa biyu — har yau ragarmu da igiyar rama muke ɗaure ramukanta. Na ce kashe kuɗi a kan wannan ƙafar ba asara ba ne. Alhaji ya ce to, Malam, kai ka san boko.

Na san boko! Sai na tsayar da Mainasara a kan yashi, na ɗauko karan dawa, na ɗora daga diddige zuwa kan babban yatsa, na karya daidai. Yadda Inna ke yi mana awon takalmin sallah, kin tuna? Kowa da karansa, a ɗaure da zare, a ba mai tafiya kasuwa. Na ba Ɗanliti direba karan, na ce ya riƙe shi kamar ƙwai, kada ya bari ko tsinke ya ɓalle. Bai bari ba, bawan Allah. Ya kawo takalmi daidai da kara, ko ƙwayar gero ba ta ragu ba.

Tsawo na auna. Tsawo kaɗai. Takalmin fade Inna ke saya mana, buɗaɗɗe, yatsu su baje yadda suka ga dama — wa ya taɓa auna faɗi? Ƙafar da ta shekara ashirin tana taka laka, ta baje kamar faifai, ita na tura cikin wani siririn abu da aka ɗinka don ƙafar da ba ta taɓa ganin gona ba. Ban yi tunani ba. Ko sau ɗaya ban yi ba.

Aka tara mutane ranar ba shi. Har da maroƙi. Na miƙa masa kwalin da hannu biyu, ya durƙusa ya karɓa. Ya zauna yana turawa, yana turawa, gumi na tsattsafo masa a goshi, mu kuwa muna tafi. Na ce yaya ka ji su?

“Lahiya lau, Kawu. Sun yi man daidai.”

Sun yi masa daidai…

Wasa biyar ke nan. Biyar. Bugun yana raguwa kamar ruwan rijiya a bazara, ni kuma ina ta neman dalili a sama. Na ce girman kai ya shige shi. Na ce ko wata yarinya ce. Na daka masa tsawa a gaban 'yan kallo, na kira shi rago, shi da ban taɓa ganin rana ta riga shi tashi ba. Mutanen gari suka ce jifa ne, an ɗauki sawunsa a Shagari. Na yarda! Ni mai takardar koyarwa, na goya shi a keke har Sifawa aka yi masa rubutu, ya sha, ya shafa a gwiwa, ya yi godiya. Duk tsawon hanyar nan yana bayana bai ce uffan ba. Me zai ce? Kawunsa ya yi faɗa da kwamiti dominsa, gari ya shaida, maroƙi ya faɗa. Ya buɗe baki ya ce kyautar tana cizo? Ke kika haife shi, kin san ba zai iya ba. Wataƙila ma ya ɗauka haka takalmin ƙwallo yake, kowa haƙuri yake yi.

Ɗazu ne, da la'asar. Na zagaya bayan ajin ƙarshe neman buta, sai ga shi a tsugune shi kaɗai, nesa da inda kowa ke alwala. Ya cire safa. Yaya… babu farce a babban yatsan dama. Babu. Gefen ƙafar duk ya saɓule, wani wuri ya bushe, wani wuri ɗanye, ƙananan yatsun sun hau kan juna. Yana zuba ruwa a hankali yana cije leɓe. Ya ɗago, muka haɗa ido. Ya yi maza ya kifa tafin hannu a kai.

“Ƙaya ta, Kawu. Ƙaya tas soke ni.”

Na ce Allah ya sawwaƙe. Abin da na ce ke nan. Na ɗauki buta na wuce, na yi salla a sahun gaba, ban san abin da liman ya yi ba. Aka idar, ya mayar da safa, ya mayar da takalmi, ya shiga raga. Ga shi can.

To yanzu in shiga shagon in ce me? In ce Alhaji, bugun bai mutu ba, ni na ɗaure shi? In ce kuɗin riguna da raga na sa kuka sayi abin da ya cinye ƙafar da nake ta yi muku kuri da ita? Za su ce a sayo wani — da me? Ɗanliti ya ce kayan waje sun ɓace a kantuna, wanda ya rage farashinsa ya ninka. Ko an samu, yaushe farce zai fito? Wasan gaba saura kwana tara. Kuma Alhaji zai kalle ni. Na san kallon. Akwai wani malamin motsa jiki da ya dawo daga kwas, tun bara ake raɗa sunansa. Mutumin da ya auna ƙafar gola da kara, shi za a bar wa kulob? Gobe a kasuwa har masu tallan fura sai sun ji. In shiga aji yara na ƙunshe dariya…

In kuma na yi shiru, magana ta ƙare cikin sauƙi. Ƙafa ta mutu, ikon Allah, a ba shi na mota. Ba wanda zai tambaya. Alhaji ma ya riga ya yanke, so yake kawai ya ji daga bakina don kada a ce ya kori ɗan 'yar'uwata a bayan idona.

Nawa ya kamata a kashe a kan mai bugu ɗaya? Tambayarsu ke nan tun bara, ni kuma kullum da amsata a baki. Yau babu. An kashe, ni na kashe, ba a kan ƙafarsa ba — a kan sunana. Don a ce Na'Allah ya hango abin da ba wanda ya hango.

Rana ta yi ƙasa. Na busa usur, ban ma san na busa ba. Suna watsewa. Ga shi yana tahowa da ƙwallo a hammata, yana takawa a miƙe, a miƙe sosai, don ya ga ina kallo. Ya rusuna, ya ajiye ta a gabana, ya ce a huta lafiya. Bai kalli idona ba. Ni ma ban kalli ƙasa ba, don kada in ga…

Tashi, Na'Allah. Shagon ba nisa, ga kekunan 'yan kwamiti an jingine a bakin ƙofa. Na miƙe. Zan faɗa. Zan shiga in yi sallama in faɗa tun kafin in zauna, tun kafin a miƙo min ruwa. In ban faɗa ba fa? In na bari aka sallame shi, ya dawo gare ki, kika ga ƙafar, kika tambaye shi wa ya yi maka haka…

Ba zai faɗa ba. Ko ke ba zai gaya wa ba. Zai ce ƙaya ce, har ya mutu zai ce ƙaya ce.

Innalillahi… Yaya, kin ji abin da ya faru yanzun nan? Da na tuna ba zai faɗa ba — sanyi na ji a raina. Sanyi. Ga ni a bakin ƙofa, hannuna a kan labule, Alhaji yana cewa a shigo, kuma sanyin bai tafi ba.