Turancin Mai Gawayi

Tun ranar da injin matse roba ya cinye wa Auta hannun dama, Mai Gawayi ba ta sake yin magana a hankali ba. Auta ɗanta ne, gandamemen mutum mai mata da 'ya'ya, amma ita har gobe Auta take ce masa. Kamfanin ya kai shi asibiti, ya aiko da kwalin madara, daga nan aka ce ya zauna a gida ya huta. Irin hutun da ba a dawowa. Ita kuwa abu ɗaya take nema: su mayar da shi aiki, ko da gadin ƙofa ne.

Manajan kamfanin baƙo ne, ba ya jin komai sai Turanci, don haka duk mai kuka sai ya bi ta bakin Akawu. Zuwanta na farko ta tsaya gaban tebur ta zazzage cikinta tas: yadda aka cire wa injin murfi don aiki ya yi sauri, yadda matar Auta ke ɗaure masa wando kamar ƙaramin yaro, yadda ya daina cin abinci a gaban 'ya'yansa. Ta yi magana har bakinta ya bushe. Akawu ya gyara wuyan riga, ya faɗi 'yan kalmomin da ba su cika cokali ba. Manaja ya yi murmushi.

"Me ka ce masa?"

"Abin da kika ce, Iya."

"Ƙarya kake! Na ba ka buhu, ka miƙa masa tsinke. Ina sauran?"

"Haka Turanci yake, Iya, ba ya son tsawo. Ya ce za a duba."

Aka yi ta dubawa har fata ta rufe dungun hannun. Sai ta yanke cewa za ta faɗa wa mutumin da bakinta, ko ta mutu.

A bayan shagon wani tela akwai ɗakin da ake koya wa manya Turanci da la'asar. Benci ne dogaye, da allon da ya tsage a gefe, da wani siririn dattijo da kowa ke kira Ticha. Shi hanyarsa ɗaya ce: ya ba ka kan magana, kai kuma ka riƙa sauya mata wutsiya.

"Kamar babbar mota ce," in ji shi. "Kan ɗaya ne, kaya kawai ake canjawa. Ku ce I want to, ma'ana ina so in yi kaza. Sai ku ɗora aikin a baya. I want to eat!"

Ajin ya amsa da waƙa-waƙa, ana buga benci. Ina so in ci, ina so in tafi, ina so in kwanta. Mai Gawayi ta ɗaga baƙin hannunta.

"Ni ba ci na zo koyo ba. Na iya ci tun kafin uwarka ta yaye ka. Zagi nake so."

"Iya, ba mu kai nan ba tukuna."

"Wannan sai aji na gaba," in ji wani direba daga baya. "Ni ne malamin. Kyauta ma zan koya miki."

"Rufe mini baki, mai warin fetur."

Bayan an tashi ta tare Ticha a bakin ƙofa, ta ba shi labari. Ya daɗe yana murza alli a yatsunsa, sannan ya ɗora mata kayanta a bayan wannan kai ɗaya da ta iya. Ina so in yi magana da bakina. Ina so in nuna maka hannun ɗana. Ina so in gan shi yana aiki. Ina so in san wanda ya cire murfin. Tun da ba ta karatu, sai ya riƙa faɗa tana maimaitawa.

"Amma Iya, faɗa rabin aiki ne. Ki ƙara zama damina ta wuce, kunnenki ya buɗe. In ya amsa fa?"

"Na gaji da jin su. Yanzu su za su ji ni."

Da waɗannan jimlolin take auna gawayi, da su take hura wuta. Masu saye suka ɗauka ta fara taɓuwa. Auta ya ce, "Inna, ki bar ni da kunyar da nake ciki, kada ki ƙaro mini wata." Ta ce masa da kunya na dawo da hannu, da tuni ya sami uku.

Ranar da ta koma kamfanin, Akawu ya miƙe zai fara aikinsa. Ta nuna shi da yatsa a gaban maigidansa da masinja da kowa.

"Yau bakinka ya huta, ɓarawon magana."

Ya ja da baya, ya jingina da bango, ya rungume hannu.

Ta saki Turancinta da irin waƙar ajin, tana buga gefen tebur a ƙarshen kowace gaɓa, tana barin baƙin tabo a kan farin katako. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Murmushin Manaja ya ɓace. Ya ajiye biro, ya cire tabarau, ya dube ta sosai, irin duban da bai taɓa yi mata ba.

Sai ya fara magana. Doguwa, a hankali, ba faɗa a ciki. Ya nuna taga, wajen da ƙofar shiga take. Ya dafa ƙirjinsa. Ya girgiza kai, ya sake nuna tagar. A tsakiyar ruwan maganar ta ji want to ɗinta ya gifta, kamar ka hango ɗan'uwa a cikin motar da ba ta tsaya ba. Daga ƙarshe muryarsa ta ɗaga, ya yi shiru yana jira. Tambaya ce. Ya sake maimaitawa.

Ta juya. "Me ya ce?"

"Ai bakina yana hutu, Iya."

"Kai yaro, ba wasa nake ba."

"Ni ma."

"Don Allah, ɗana." Rabon da ta roƙi wani haka har ta manta. Akawu ya duba farcensa.

Waya ta yi ƙara a kan tebur. Kafin Manaja ya ɗauka, Akawu ya jefa masa wata gajeriyar magana. Manaja ya dube ta kamar wanda aka mayar wa kyauta, ya ɗaga kafaɗa, ya kai waya kunne. Masinja ya buɗe mata ƙofa.

Ba gida ta nufa ba. Ta kama hanyar shagon tela da sauri, ba ta amsa gaisuwar kowa, tana tauna sautukan da ta ji don kada su zube. Ta tarar da Ticha yana goge allo, ta juye masa su. Ya kasa kunne.

"Sake faɗa."

Ta sake. Ba irin na farko ba ne ya fito.

"Iya, wannan ba magana ba ce, ƙara ce kawai. Zai yiwu aiki ya ba ɗanki. Zai yiwu haƙuri ya ba ki. Wallahi ban sani ba. Ki koma gobe."

"Ta bakin wa?"

Ticha ya juya ya ci gaba da goge allonsa.

Da ta shigo lungunsu, ta hango Auta zaune a kan dakali. Ya yi aski. Ya sa rigar aikinsa, an maƙale masa hannun rigar na dama da fil, an goge takalman aikinsa masu nauyi har suna sheƙi. Matarsa tana leƙe ta bayan labule. Ya miƙe tun kafin ta iso.

"Inna, ya saurare ki?"

"Ya saurara."

"To yaushe zan fara?"

Ta tsaya tana kallon takalman.

"Ya yi magana mai tsawo," ta ce. "Matsa in wuce, ƙafata ciwo take."