Sandar Jirgin da Ke Malali

Da Baturen da muke wa aiki a masaƙa zai koma gida, sai ya bar mana ƙaramin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, ni da Datti. Mu ne dama muke raka shi dam, wato madatsar ruwa, ranar Asabar. A gidan Datti na Malali muka ajiye shi, don ni ɗakin haya nake, ko keke da ƙyar yake samun wuri.

Shekaru suka ja, jirgi na kife a bayan gida. Ni kuwa kullum raina na kan ruwan nan. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin da iska ta cika ƙyallen jirgin ba.

Rannan Datti ya same ni ya ce, “Istifanus, mutumina, mu tayar da sandar jirgin nan mana.”

Har rungume shi na yi. Muka kwantar da doguwar sandar a kan benci, na duba kanta. 'Yar kurar da igiya ke bi a ɗaga ƙyalle ta cije, tsatsa ta cinye kusoshi, wayoyin da ke riƙe sandar duk sun tsintsinke. Na shiga yawo Fanteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Na samo kura ta tagulla, na sa aka gyara mata rami, na canza noti ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure sababbin wayoyi, na shafe komai da giris. Yatsuna har jini suka yi. Datti na tsaye yana ta tambaya, “Za ta ɗauki nauyi kuwa? Iska ba za ta kayar ba?” Ni sarkin wauta, sai na ɗauka ɗokin ruwa ne ke cinsa.

Muka sa ranar Asabar. Na ɗinke ƙyallen, na ce wa 'yata Laraba ta shirya, za ta ga abin da nake ta ba ta labari.

Tun daga bakin layi na hango sandar tsaye ƙyam a saman gidan, an kafe ta da siminti. Wayoyina sun riƙe ta ta kowane gefe. A can ƙoli, eriyar talabijin ce ke lilo a jikin kurata. Jirgin kuma an birkice shi an cika da ƙasa, Hansai matar Datti ta shuka alayyafo.

Datti ya fito yana washe baki. “Har tashar Jos muke kamawa yanzu! Da na gaya maka ai ba za ka yi aikin ba.”

Wato tun ranar farko ya sani. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ya ja igiyar don ya nuna mini. Eriya ta sauko sumul, ko ƙara babu. Laraba ta riƙo rigata ta ce, “Baba, ina ruwan?”