Saƙon Da Ya Riga Lurwanu Isa Kano

"Shi wannan ai ya daɗe da yin aurensa, liman ne kawai ba a kira ba."

Munirat tana bakin kicin ɗin Hajiya Hansai, riƙe da tiren shayi, lokacin da ta ji maganar. Ranar sunan jikar Hajiya ce, mata sun cika falo har bakin ƙofa, biyu kuma suna cikin kicin ɗin suna zuba shinkafa a faranti. Ba ta ga fuskar wadda ta yi maganar ba. Ta dai ji ɗayar ta ce, "Ɗan Injiniya? Ke, rufa mana asiri!" sai suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Injiniya ɗaya ne a cikin 'yan Najeriyar da ke wannan layin na unguwar Suwaidi a Riyad, wato Babanta, ɗansa namiji kuma ɗaya ne. Ta juya da tiren ta koma falo, ta raba shayin, ta nemi lungu ta zauna. Ba wanda ya lura, don dama ba a cika lura da ita ba.

Shekararta tara aka kawo ta Riyad. Tana da sha huɗu Ummansu ta rasu. Bara ta gama sakandare, tun daga nan take zaune a gida, hawa na biyu, tagarta tana kallon bayan wani shagon gyaran firij. Baba yakan fita bayan asuba, sai magariba. In har ta ga titi, to Yaya Lurwanu ne ya fitar da ita. Direba ne a wani ofishin jakadanci, kuma duk Asabar sai ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce, "Yalla, sa abayarki, kar ki yi tsatsa." Su zaga, ya saya mata shawarma, ya yi ta surutu ita tana ji. Shi kaɗai ne ba ya tambayarta me ya sa ba ta magana.

Da can su uku ne a motar. Akwai Buraima, ɗan Damagaram, kuku a ofishin da Yaya yake aiki. Duk Juma'a bayan masallaci a gidansu yake cin abinci, Baba ma yana son sa saboda karatunsa. Buraima yana kiranta Malama Shiru. Ita kuwa mai shiru tana gani. Ta ga yadda Buraima yake tsince albasa daga farantin Yaya ba tare da ya ɗago kai ba, yana ta hira da Baba. Ta ga ranar da agogon Yaya ya koma hannun Buraima, bai kuma dawo ba. Ba ta taɓa ba wa waɗannan abubuwan suna ba. Bara da rani aka mayar da maigidan Buraima ƙasarsu a Turai, ya tafi da kukunsa. Tun daga nan Yaya ya rage surutu, in sun fita sai motar ta zama ta masu shiru biyu.

Kwana shida bayan sunan, da safe, ana sanyin nan na Janairu mai shiga ƙashi, Baba ya jingina wayarsa da gwangwanin madara yana jin labaran Hausa. Aka ce an sa hannu a dokar hana auren jinsi a Najeriya.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ka ji abu ɗaya da ya haɗa malamai da fastoci baki. Kullum faɗa, kullum faɗa, amma a kan wannan sun zauna tabarma ɗaya."

Mai labarai ya ce shekara goma sha huɗu ga waɗanda suka yi, shekara goma ga wanda ya halarta ko ya taimaka.

Yaya yana juya cokali a kofi. "Baba, to dama wa ya ce zai ɗaura irin wannan auren a Najeriya?"

"Ba sai an jira an ɗaura ba. Doka ai abin da mutane suka yi imani da shi take bi. Mu can Arewa shari'a ta riga ta yanke hukunci tuntuni, wannan don sauran ne. Nan kuwa ko rubutawa ba sai an yi ba, alƙali ya san littafinsa." Baba ya kurɓi shayi. "Turawan ofishinku za su yi ta kumfar baki yau."

"Za su yi," in ji Yaya. Ya tashi ya ɗauki makullin mota. Da Munirat ta zo kwashe kofuna, ta tarar da nasa a cike, ya yi sanyi.

Ita ba ta da shakka a kan abin da aka koya mata. Malamar fiƙihunsu ta karanta musu ayoyin, ta haddace, ta ci jarrabawa. Amma a aji, mutanen da ake magana a kansu ba su da fuska, ba su taɓa goya ta a asibiti ranar da Umma ta cika ba. In ta yi sujada sai ta ce, Allah ka shirye shi. Sai ta ji kamar ta kai ƙararsa, alhali ba ta san komai ba. Sai ta ƙara da, Allah ka bar mini shi. Wani lokaci tana daɗewa goshinta a ƙasa, ta rasa wanne za ta fara faɗa.

Tambaya ɗaya ce da za ta raba gardama. Sau uku tana shirya ta a baki a cikin mota, sau uku tana haɗiye ta da shawarma.

A farkon Maris Yaya ya ce zai je gida hutu. Gwaggonsu ta Kano ta daɗe tana yi masa maganar wata Muhibba, 'yar ƙawarta, ya ce to, zai je ya gani. Baba ya yi murna har ya kira Gwaggo a gabansu. Jirgin da zai biya ta Istanbul ya samu, in ji Yaya, daga can sai Kano.

Kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan labari. Wanda zai je gida ba shi da jaka, jakar ta jama'a ce. Kafin sati ya zagayo falonsu ya cika da ƙunshi: dabino, turare, dardumar salla, abaya, maganin ciwon gwiwa, kowane da suna da lambar waya a jiki. Munirat ce take karɓa, ta rubuta. Hajiya Hansai da kanta ta hawo bene tana haki, da leda biyu na 'yarta da ke Gwammaja.

"Ango, ango!" ta ce wa Yaya. "Ka dai dawo mana da labari mai daɗi, mu huta da bakin mutane."

"In sha Allahu, Hajiya."

"Hannu da hannu fa. Kar ka ba wa ɗan acaɓa."

Munirat ma ta yi nata ƙunshin, mayafi da kwalbar man habbatus sauda na Gwaggo. Wata safiya Yaya ya kwashe kayan duka ya sa a but ɗin mota, ya ce zai kai a auna a ɗaure su a wurin wani abokinsa.

Saura kwana huɗu tafiyar, da hantsi, wayar gidan ta yi ƙara. Hajiya Hansai ce.

"Ke Munirat, ashe har ya sauka ba ku faɗa ba? Yanzu 'yata ta kira, wai saƙo ya iso. Wai wani mai shagon kaya a Fagge ne ya buga mata ta je ta karɓa. Ba na ce hannu da hannu ba?"

Munirat ta kalli ƙofar ɗakin Yaya. Takalminsa na aiki ba ya nan, na gida yana nan a jere.

"Bai tafi ba tukuna, Hajiya," ta ce. Ta ji muryarta tana fita sumul, kamar ta wata. "Kayan ne suka yi yawa, sun wuce kilo. Sai ya tura wasu ta kago."

"Au, to. Allah ya yi albarka. Ni dai na ce, wannan wane irin jirgi ne."

Ta ajiye wayar. Ba ta taɓa yi wa babba ƙarya ba. Wanda ya taimaka, shekara goma, haka mai labarai ya ce, ko da yake ba irin wannan taimakon yake nufi ba, kuma ba a nan ƙasar ba. Abin da ya fi damunta shi ne ba ta yi tunani ba kafin ta yi ƙaryar, bakinta ne ya riga ta.

Ta shiga ɗakinsa, abin da ba ta yi sai in za ta yi shara. Jakar tana bayan ƙofa. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta ɗagu. Jakar mai zuwa gida ba ta ɗaguwa da hannu ɗaya. A ciki babu shadda ko ɗaya, babu hula, babu tsarabar Muhibba. Akwai rigar sanyi mai kauri sabuwa, da takardun makarantarsa, da hoton Umma wanda ya ɓace daga kan talabijin tun makon jiya. A ƙarƙashin hoton ta ga takardar izinin fita daga ƙasar. Larabcinta ya fi na kowa a gidan, ba ta buƙaci ta karanta sau biyu ba. Ba irin ta mai hutu ba ce, wadda ake rubuta fita da dawowa. Fita ta ƙarshe aka rubuta.

Ta mayar da komai yadda ta same shi. Kwana huɗun nan ta dafa masa duk abin da yake so, ba albasa. Shi ma sai ya riƙa kallonta kamar zai yi magana, sai ya ce, "Gishirin ya yi daidai."

Ranar tafiyar Baba ne ya ja motar. Hanyar filin jirgin Sarki Khalid doguwa ce, Baba yana ta lissafa mutanen da za a gaisar masa, Yaya yana cewa to. Munirat tana baya, tana kallon ƙeyar Yaya da sabon askinsa. Ta tuna cewa Asabar jibi ce.

Da aka karɓi jakar, sai aka kira la'asar. Baba ya ce su je masallaci. Yaya ya ce zai yi a ciki in ya wuce, kar layi ya yi tsawo.

"To ku jira ni nan, kar ka shiga ban dawo ba," in ji Baba, ya tafi yana naɗe hannun riga.

Suka zauna a kujerun ƙarfe, kujera ɗaya a tsakaninsu. Wasu ma'aikata 'yan Indiya suna ta naɗe kwali da leda. Yaya ya zaro makullin ɗakinsa ya miƙa mata.

"Ki koma ɗakina in kina so. Tagar ta fi taki, ana ganin titi."

Ta karɓa. Mai hutun wata ɗaya ba ya bayar da ɗaki. Ya san ta sani, ita ma ta san ya sani, kuma in ta yi shiru na minti goma, Baba zai dawo, a yi addu'a, Yaya ya shige, ta koma gida da hannunta tsaf, ba ta ji komai ba, ba ta san komai ba. Duk wanda ya tambaye ta, gaskiya za ta faɗa. Sai dai kuma daga ranar ba ta da inda za ta neme shi, ko a cikin addu'a.

Ta hango Baba can nesa, ya fito yana gyara hula. Ta matso kujerar da ke tsakaninsu, ta damƙe makullin har ya shiga tafin hannunta.

"Yaya," ta ce, "wurin Buraima za ka?"