Sai Ka Gama Shan Magani

Rabin kan Direba aka aske lokacin da ya ɗaga ido ya kalli madubi. Ya zabura ya miƙe, ƙyallen aski na reto a wuyansa.

"Dogo, me ya samu idonka? Ya koma ruwan ɗorawa! Kar ka sake taɓa ni da injin nan!"

Ya fice a haka, rabi gashi rabi ƙwal, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba. Abin takaici, wannan Direban ne ya zo aski wata biyu da suka wuce, yana ta zuba atishawa a fuskar Dogo, ya bar masa murar da ta kwantar da shi kwana tara. Wannan kuwa babu wanda ya tuna.

* * *

Likita ta juyo da takardar gwajin ta fuskanci Dogo.

"Malam, ba irin ciwon hantar da ake ɗauka ba ne. Murar nan ce ta tayar da garkuwar jikinka. Cutar ta tafi, ita kuma garkuwar ta ƙi daina faɗa, ta juya kan hantarka. Ba za ka shafa wa kowa ba. Amma maganin nan, kar ka kuskura ka daina."

"Zuwa yaushe, likita?"

"Shekaru. Mai yiwuwa iya rayuwarka."

Dogo ya kai wa mai shagon askin takardar da murnarsa. Mutumin ya mayar da hannuwansa baya, ya leƙa ta daga nesa.

"Ni ban ƙi ba, Dogo. Amma ka san mutane da reza. Je ka gida, sai ka gama shan magani."

* * *

A gida ma ya tarar an ɗaura wa kofinsa jan zare. Matarsa ta yi rantsuwa cewa yayarta ce ta matsa mata, ta yi kuka, amma ba ta kwance zaren ba. Abin ya yi masa ciwo fiye da cutar kanta.

Wata uku yana zaune. Idanunsa suka washe, maganin ya ciko masa kumatu har maƙwabta na zolayarsa wai hutu ya karɓe shi. Kullum da safe sai ya goge injinsa, ya ɗiga masa mai, ya mayar a jaka. Shekara goma sha tara ya yi a bayan kujerar nan ta kusa da taga; ya san tabon da ke ƙeyar kowa a unguwar.

Ya koma shagon.

"Ka gama?" in ji mai shago.

"Maigida, likita ta ce..."

"To mai lafiya yana shan magani ne? Ranar Asabar zan ba wani kujerar."

Ranar Juma'a Dogo ya tsuguna a bakin kwata ya juye ƙwayoyin, yana kallo ruwan wanki ya tafi da su. Washegari ya dire kwalbar maganin wayam a gaban madubi.

"Na gama."

Aka yi ta yi masa barka. Har Direba ya dawo, yana cewa ai shi da ma tsokana yake yi.

Mako bakwai ya yi yana aski, kuma rabon da ya yi farin ciki haka har ya manta. A na takwas cikinsa ya kumbura, injin ya fara rawa a hannunsa. Da aka kwantar da shi, likita ta tsaya a kansa cikin ɓacin rai.

"Me ya sa, Malam? Ban gaya maka ba?"

"Kin gaya min," ya ce da ƙyar. "Su ne ba ki gaya wa ba."

* * *

Kwana biyu da binne Dogo aka ƙulle injinsa a baƙar leda aka jefa bayan ƙofa, don babu mai yarda ya taɓa. Direba na zaune a kujerar kusa da taga, hanci na yoyo, yana ba da labarin yadda shi ya fara gano cutar.

Ya saki atishawa. Sabon mai askin ya share fuskarsa da bayan hannu.

"Sannu, mura ce kawai," ya ce, ya ƙara sunkuyowa.