Murar Direba

Sunan Tafinta a gaban talabijin ta samo shi, kuma Gwaggonta ce ta raɗa mata. Da rana tana tsaye a kantin magani tana zuba ƙwayoyi a 'yan ledoji, da yamma kuwa ko takalmi ba ta gama cirewa ba za ta ji an ce, "Ke Tafinta, yi sauri, sun fara!" Sai ta ɗosana a hannun kujera ta kama aiki na biyu.

Wani wasan kwaikwayo ne mai dogon zango, na mutanen wata ƙasa can ƙetare. Yarensu ba mai ji a gidan, sai rubutun Turanci da ke gudu a ƙasan allo. Tafinta na karantawa tana juyawa, Gwaggo na hakimce a kujera tana yanke hukunci. Labarin wani direban bas ne da wata malamar makaranta, suna son juna, duniya ta hana su sakat, musamman yayan malamar. Gwaggo ta ɗauki direban nan kamar ita ta goya shi. In ya fita bai karya ba ta yi tsaki. In malamar ta juya masa baya ta ce, "Ji mara tausayi, yaro na ta fama!"

Ta uku a zaman ita ce maƙwabciyarsu, Uwar Tagwaye, wadda kullum take shigowa da ɗan tawul ninke a hannu. Ita kuka take zuwa nema.

"Wasan da aka gama ba wanda ya mutu, ai ɓarnar wuta ce," in ji ta.

"Allah ya shirye ki," Gwaggo za ta ce. "Mutum ya zauna wata da watanni, ƙugu na ciwo, a sallame shi da zaman makoki? Aure za a ɗaura. Ni har na san zanen da zan ɗaura ranar."

"Ki dai tanadi tawul, ƙawata. Na ga idon yaron nan, ba idon mai tsufa ba ne."

"Bakinki ya sari dutse!"

Ana cikin haka jiri ya kwashi Gwaggo wata safiya. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, ya ja Tafinta gefe ya ce a rage gishiri, kuma don Allah kada a bari ranta ya ɓaci. To, kamar masu wasan sun ji, a makon nan direba ya fara tari. Aka nuna nasu likitan ya cire tabarau yana magana a hankali. Rubutu ya fito: ciwon ba ya jin magani. Tafinta ta dubi rubutun, ta dubi Gwaggo da ta miƙo wuya.

"Me ya ce?"

"Ya ce... mura ce, Gwaggo."

"Alhamdulillahi. Ai na faɗa, yana yawan shan ruwan sanyi."

Daga ranar Tafinta ba ta sake kallon wasan nan da daɗi ba. Ido ɗaya na kan rubutu, ɗaya na kan hoto, ƙwaƙwalwa na ɗinki. Direba ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa, Tafinta ta ce tumbi yake ragewa saboda hoton aure. Malamar ta jingina da bangon asibiti tana rusa kuka, Tafinta ta ce tela ne ya ɓata mata riga. Uwar Tagwaye ta karkace kai.

"'Yar nan, wace irin mura ce da ƙarin ruwa har leda biyu?"

"Murar can ƙasar ce, Inna. Tasu ba irin tamu ba ce."

Ranar da aka sanar cewa gobe ne ƙarshe, Tafinta ta kasa cin abinci. Ta ɓoye rimot a cikin firji, bayan robar ruwa. Gwaggo ta je shan ruwa ta dawo da shi tana gogewa da gefen zane, tana cewa tsufa ya fara taɓa yaran zamani. Tafinta ta yi addu'a a ɗauke wuta, wutar da kullum sai ta yi wasa da mutane, amma ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da ta ga ba makawa, sai ta tura na'urar awon jini ƙarƙashin kujera, ta ajiye ƙwayar Gwaggo da kofin ruwa kusa.

Gwaggo ta fito cikin sabon zane har da turare. Uwar Tagwaye ta shigo da tawul biyu.

Aka fara. Direba na kwance, malamar na riƙe da hannunsa. Ya yi 'yan maganganu, ya lumshe ido, hannun ya saki.

"Barci ya ɗauke shi," in ji Tafinta.

Wata nas ta zo ta ja farin mayafi ta rufe shi har fuska.

"Sauro. Asibitin akwai sauro."

Uwar Tagwaye ta riga ta buɗe tawul na farko. Aka nuna mutane sanye da baƙaƙen kaya, maza sun ɗauko dogon akwati a kafaɗa.

"Wannan fa?" Gwaggo ta tambaya, ba ta ko juyo ba.

"Kayansa ne. Ƙaura za su yi, sabon gida."

Aka zura akwatin a rami. Aka fara tura ƙasa.

"To, ga sabon gida nan," in ji Uwar Tagwaye cikin shessheka. "Sai ki faɗa mana ɗaki nawa ne."

Ƙaryar Tafinta ta ƙare. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta sa ƙafa tana laluben na'urar a ƙarƙashin kujera, idonta na kan jijiyar wuyan Gwaggo.

"Tashi daga nan," Gwaggo ta ce. "Tashi, ba ki iya ba."

Ta gyara zama, ta nuna allon da rimot kamar mai koyarwa.

"Ku saurara. Akwatin nan tsofaffin tayoyi ne a ciki. Ba ku ga yadda na gaban yake tafiya yana karkacewa ba? Yaron siriri, yaushe zai yi wannan nauyin? Nas ɗin nan da ta rufe shi, da ita aka haɗa baki. Ta ƙofar baya ta fitar da shi, saboda yayan malamar da ya hana su zaman lafiya."

"Wallahi ya mutu!" Uwar Tagwaye ta ce. "Kada ki ɓata min kukana, na daɗe ina jiransa."

"A wurinki ya mutu. Matsa can gefe ki yi abinki, kada ki jiƙa min zane."

Hoton ƙarshe ya zo. Malamar ta hau bas ita kaɗai da 'yar jakarta, ta zauna jikin taga. Motar ta tashi, ta yi ɗan murmushi, sunaye suka fara hawa.

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun gani? Sun nuna muku fuskar mai tuƙin? Ba su nuna ba! To wa kuke zato ne?" Ta rangaɗa guɗa, Uwar Tagwaye ta ɗauki tawul na biyu, kowacce ta samu abin da ta zo nema.

Tafinta dai ba ta yarda ba. Ta jawo na'urar ta ɗaura wa Gwaggo a damtse. Lamba ta fito lafiya lau, kamar ta budurwa.

"Kawo hannunki ke ma," in ji Gwaggo. "Fuskarki ba ta yi min ba."

Na'urar ta kumbura, ta saki, ta nuna abin da ya sa Tafinta da kanta ta ce, "Kai!"

"Mura," Gwaggo ta ce tana girgiza kai. "Ni da na yi jinyar marigayi mijina za a koya wa tari? Tun ranar da likitan nan ya cire tabarau na shiga ɗaki na yi kukana na wanke fuska."

"To Gwaggo, me ya sa kika bar ni ina ta wahala?"

"Ina so in ga inda za ki kai shi. Tela ya ɓata riga, wannan kin yi ƙoƙari. Amma sauro? Haba 'yata." Ta miƙe daga kujerar ta danna Tafinta a ciki. "Daga yau ki karanto min abin da suka rubuta, da ɗacinsa. Gyaran ƙarshe aikina ne, tun kafin a haife ki nake yin sa."

Sannan ta juya ga maƙwabciyarta, wadda har yanzu take jan hanci.

"Ke kuma rage murya, ki ɗauki wancan tawul ɗin ki yi mata fifita. Ba a son ranta ya ɓaci."