Kakan Faye a Tsakiyar Hanya

Birame Faye ya taka birki da ƙarfi, har kwanon shinkafa da kifi da ke baya ya zame ya daki kujerar matarsa.

"Mun iso?" in ji Yandé, tana gyara tabarau.

"Saura kaɗan."

"To me ya tsayar da mu?"

Birame ya leƙa ta gilashi. Gadu ne ya durƙusa a tsakiyar hanya yana tonon saiwa, haƙoransa sun murɗe sama kamar gashin bakin tsohon soja. Hanyar kuwa 'yar siririya ce a kan tudun ƙasa, ruwa ta dama, taɓo ta hagu. Babu wajen kaucewa.

Tun da sassafe suka baro Saint-Louis. A masauki an ce ya ɗauki ɗan jagora, ya ce shi da ya tuƙa motar gidan waya har furfura ta cika masa kai, ba a haifi wanda zai nuna masa hanyar gidan tsuntsaye na Djoudj ba. Tafiyar ma ba don kansa ya yi ta ba. Cutar yanar ido ta rufe wa Yandé ido ɗaya, ta kama ɗayan. Jibi za a yi mata aiki a Dakar, likita kuma bai yi alkawarin komai ba. Abu ɗaya ta roƙa: ta ga kwasakwasan Djoudj, manyan tsuntsayen ruwa masu jaka a baki, waɗanda hotonsu ya daɗe rataye a falo a jikin tsohuwar kalanda. Kwalekwalen ƙarshe mai zuwa tsibirinsu kafin azahar yake tashi.

"Faye, wani baƙin abu nake gani. Jaki ne?"

"Gadu ne."

"To danna masa hon mana."

Birame ya ɗauke hannuwansa daga sitiyari ya ɗora a cinya. A ƙabilarsu ta Serer, kowa ya san gadu na zuri'ar Faye ne, ba sa taɓa shi. A gidan su Birame ko tsawa ba a yi masa.

"Kin manta Baffa Ngor? Jifa ɗaya ya yi wa gadu a gonar gero, har ya mutu yana susa."

"Tsufa ne ya kashe Baffa Ngor."

"Yana susa dai ya mutu."

"To ni 'yar Diouf ce, ba ruwana da danginku. Kawo in danna."

Ya cafke hannunta. "A motata? Shi ya san hannun wa ne? Motar Faye zai gani."

Yandé ta ja tsaki. Ta gutsuro burodi, ta sauke gilashi, ta ce za ta jefa can cikin taɓo ya bi. Ta auna da idon da ya rage, ta wurga. Burodin ya faɗo a kan bonet, ya gangara ya tsaya a gaban taya. Gadu ya taso ya cinye. Can sai ga uwa da 'ya'ya sun fito daga cikin ciyawa a jere, suka kwanta a inuwar motar.

"Ya tafi?"

"Ya kira iyali."

Suna nan sai ga wani dogon dattijo ya taho ta baya, sanda a kafaɗa, jarka a hannu. Ya leƙo ta taga aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya, har aka zo kan sunan zuri'a.

"Sow," in ji dattijon. "Yéro Sow."

"Faye," in ji Birame, kamar mai haɗiyar magani.

Yéro ya dubi gadunan, ya dubi Birame, ya ajiye jarka don ya ji daɗin yin dariya.

"Ashe bawana ne! Serer a mota! Ziyarar dangi aka zo? Ga kakanka nan kwance, ba ka sauko ka gaishe shi ba?"

"Ji Bafulatani! Ba don geron da na noma maka ba, da iska ta daɗe da ɗauke ka."

"Ba don nonona ba, da gayan dambu za ka mutu kana ci. Uwargida, sannu da haƙuri. Da me aka yaudare ki?"

"Da mota," in ji Yandé.

Tsohon wasa ne tsakanin Serer da Fulani, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Birame kuwa har a gidan waya an san shi, bai taɓa barin Bafulatani ya yi maganar ƙarshe ba.

"Zan roƙi kakanka ya ba ku hanya," in ji Yéro. "Amma ubangida ba ya yi wa bawa aiki haka nan. Ka ce: Sow, ni bawanka ne, ka taimake ni."

"Gara in kwana a nan."

"Ka kwana. Akwai dangi."

Birame ya dubi rana, ta kusa tsakiya. Yandé ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ba ta mayar ba.

"Bar shi, Faye," ta ce a hankali. "Mu ci shinkafarmu mu juya. Ai na gan su a kalanda."

Birame ya dube ta. Sannan ya yi gyaran murya, ya faɗi wani abu a cikin gemu.

Yéro ya kara hannu a kunne. "Kunnen ubangida ya tsufa."

"Sow! Ni bawanka ne, ka taimake ni!"

Yéro ya tafa hannu sau ɗaya. Gadunan suka zabura, wutsiyoyi a tsaye kamar eriyar rediyo, suka faɗa ciyawa.

"Aikin ke nan duka?" in ji Birame.

Kafin ya rufe baki Yéro ya buɗe ƙofar baya ya shige, ya ɗora kwanon shinkafa a cinya. "Ja mu tafi, bawa, amma a hankali. Kwalekwale ba ya tashi sai na iso. Man injin ne a jarkar nan. Dama zuwa na yi in roƙe ka ka rage mini hanya."

Birame ya ja mota a hankali har bakin ruwa.

Da suka kusa tsibirin, mai kwalekwale ya kashe inji. Wari ya fara iso musu, sannan gurnani. Kwasakwasa ne farare fat, sun rufe ƙasa ba masaka tsinke, wasu na saukowa ruwa da manyan jakunkunan bakinsu. Yandé ta miƙa wuya ta ƙura ido, ta daɗe ba ta motsa ba.

"Kina gani?" in ji Birame.

"Ina ganin fari, kamar an shanya wankin duk garin Dakar. Kuma yana motsi." Ta laluba ta kama hannun rigarsa. "Ya ishe ni. Ko idon bai dawo ba, kunnena ƙalau yake."

"Kin ji kukansu ke nan."

"Na ji. Amma abin da ka faɗa a hanya ya fi fita sosai."

Daga bayan kwalekwale Yéro ya ɗago kai daga kwanon shinkafa. "Uwargida, in kina so ya maimaita, ki yi magana."

Birame ya zuba wa tsuntsaye ido. Bai janye hannun rigarsa ba.